Bayan Jan Biro, Sai Me?

Sharhin yau zai leƙa azuzuwan firamare na ƙaramar hukumar Bosso, ya tsaya a kan wani ɗan lokaci da ba a cika damuwa da shi ba, wato lokacin da malami ya gama duba aikin yaro ya miƙa masa littafinsa.

Minna gari ne da ya san jarrabawa ciki da waje. A nan hedikwatar Hukumar Shirya Jarrabawa ta Ƙasa, NECO, take tun da gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta kafa ta a 1999. Daga ofishinta na kan hanyar Bida ake tsara jarrabawar da 'yan aji shida ke rubutawa don shiga makarantun sakandaren gwamnatin tarayya, da kuma ta kammala babbar sakandare, wadda hukumar ta fara gudanarwa a shekara ta 2000. Ita kuwa Bosso, da malanta aka san ta. Harabar Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke cikin garin tsohuwar kwalejin horon malamai ce ta gwamnati, jami'ar ta gaje ta lokacin da aka kafa ta a 1983, kuma har gobe tana da sashen da ke yaye malaman kimiyya da fasaha. Ga Kwalejin Ilimi ta Jihar Neja ita ma a Minna, wadda ɗalibanta ke bazuwa cikin makarantun yankin duk shekara don gwajin koyarwa.

Sai dai awon da NECO ke yi awon ƙarshe ne. Yakan zo bayan shekara shida ko goma sha biyu, kuma aikinsa yanke hukunci: wane ya ci, wane ya faɗi. Hukuncin yana da ranarsa, amma ran da sakamako ya fito aji ya riga ya watse, babu sauran damar gyara. Akwai wani awon da ya riga shi, wanda malamai ke kira auna fahimta. Shi ana yin sa ne karatu na gudana, ranar Talata da hantsi, a tsakiyar darasi, domin malami ya gano inda yaro ya maƙale ya nuna masa mafita. Wani masani, Michael Scriven, shi ya fara raba waɗannan awo biyu a rubuce a 1967, sannan Benjamin Bloom na Jami'ar Shikago ya shigo da rabon cikin aji jim kaɗan bayan haka. Tun daga nan masana ke nanata abu guda: awon tsakiyar karatu ba shi da wani amfani sai in an mayar wa yaro da maganar da zai iya aiki da ita.

A ɗauki misalin wata yarinya 'yar aji uku, ko a Maikunkele take, ko Tudun Fulani, ko Maitumbi. Malama ta rubuta lissafin ɗebewa guda goma a allo. Na farko, 52 a ɗebe 27, yarinya ta rubuta 35. Na biyu, 41 a ɗebe 18, ta rubuta 37. Na uku, 68 a ɗebe 25, ta rubuta 43, daidai. Washegari littafi ya dawo da jan biro: alamar kuskure bakwai, alamar daidai uku, an kewaye uku bisa goma a ƙasan shafi, sai kalmar Turanci guda ɗaya mai nuna ba ta yi ƙoƙari ba.

Abin da yarinyar ta karanta a shafin nan shi ne ita ba ta iya lissafi ba. Ta rufe littafi, ta tura shi can ƙasan jaka kada ƙawarta ta gani.

Alhali duk wanda ya ƙura wa shafin ido na minti ɗaya zai ga kuskure ɗaya ne ta yi har sau bakwai. Akwai wata doka a kanta da take bi sau da ƙafa: a kowane layi, a cire ƙarami daga babba. Bakwai ya fi biyu, sai ta ce bakwai a ɗebe biyu, biyar. Biyar a ɗebe biyu, uku. Ga 35 ya fito. Duk lissafin da bai buƙaci aro ba, dokar tata na ba ta amsa daidai, shi ya sa ta ci uku. Wannan kuskure ba nata ba ne ita kaɗai. John Seely Brown da Richard Burton, da suka bi diddigin lissafin ɗebewa na yara a 1978, sun same shi cikin waɗanda suka fi yawa, kuma sun nuna cewa da yawa daga kurakuran yara suna da tsari, ba sakaci ba ne.

To yanzu a sake ɗaukar ranar. Malama ta tsuguna kusa da bencin yarinyar ta ce: “'Yata, kin jera lambobinki daidai, kowace a gidanta. To duba nan. Kina da goriba 52, kin sayar da 27, kin ce saura 35. Haɗa mini 35 da 27 mu gani ko za su koma 52.” Yarinya ta haɗa, ta samu 62, ta ɗago kai. Yanzu ita da kanta ta ga akwai matsala. Sai Malama ta ajiye mata tsinken tsintsiya, ƙulli biyar na goma-goma da guda biyu a warwatse, ta ce: “Ba ni bakwai.” Babu bakwai a warwatse, dole sai an kwance ƙulli ɗaya. Yarinya ta kwance, ta ƙirga goma sha biyu, ta miƙa bakwai, ta ga biyar sun rage, ƙulli kuma saura huɗu. Malama ta miƙe tana cewa: “Abin da ake kira aro ke nan. Je ki sake na biyu da na biyar, ki kawo mini kafin a tashi tara.”

Duka wannan bai ci minti uku ba. Amma a cikinsa an faɗa wa yarinya abin da ta yi daidai, an kai yatsa kan ainihin wurin da ta kauce, an ba ta aikin da za ta yi nan take, an kuma sa mata lokacin dawowa. John Hattie da Helen Timperley na Jami'ar Auckland a ƙasar New Zealand sun taƙaita irin wannan gyara a 2007 cikin tambayoyi uku da ya kamata ɗalibi ya iya amsawa: ina aka nufa da ni, ina na kai yanzu, mene ne mataki na gaba. Maki yakan ɗan taɓa tambaya ta biyu. Ta uku kuwa, wadda ita ce ke motsa yaro gaba, maki bai san da zamanta ba.

Abin takaici shi ne Najeriya ta san wannan tun da daɗewa. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ita ta kawo tsarin auna ɗalibi a kai a kai, wanda kowa ke kira C.A., aka kuma fara aiki da shi sosai tare da tsarin 6-3-3-4 daga 1982. Littafin jagora da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar a 1985 ya zayyana siffofinsa: ya kasance bisa tsari, ya game duk fannonin yaro, ya riƙa taruwa shekara bayan shekara, sannan ya zama jagora ga malami da ɗalibi. Siffofi ukun farko sun rayu, domin su ake iya cikawa a takarda. Ta huɗun ce ta sha wuya.

A yau, a makarantu da dama, C.A. ya koma ƙananan jarrabawa biyu ko uku a zango, maki 30 ko 40 cikin ɗari, a haɗa da na babbar jarrabawa a fitar da na ɗaya da na ƙarshe. Ana yin gwaji ranar Alhamis, malami ya kwashi takardu ya tafi gida, maki ya shiga rijista. Wani lokaci takardar ba ta ma dawowa hannun mai ita. In ta dawo, an riga an shiga sabon babi, domin manhaja ba ta jira. Yarinyar da ba ta gane aro ba a aji uku haka za ta shiga aji huɗu, inda rabawa mai tsawo ke jiranta, ita kuma rabawa ba ta yiwuwa sai da ɗebewa.

Sakamakon wannan ba ɓoyayye ba ne. Binciken MICS na 2021, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF, ya nuna cewa cikin yara 'yan shekara 7 zuwa 14 a Najeriya, kusan 27 cikin ɗari ne kawai ke da ƙwarewar karatu ta tushe, kusan 25 cikin ɗari kuma ta lissafi. Cikin sauran akwai waɗanda ba su taɓa shiga aji ba, amma akwai dubban dubbai da ke zuwa kullum, ana yi musu gwaji kowane zango, ana rubuta musu maki, ana ciyar da su gaba.

Wani zai ce, to ai sai a haɗa biyu, a ba da maki a kuma rubuta gyara. Wata mai bincike, Ruth Butler, ta gwada haka a Isra'ila a 1988 da yara 132 'yan aji biyar da shida. Ta raba su kashi uku. Kashi na farko maki kawai aka ba su, na biyu bayanin gyara kawai, na uku aka haɗa musu duka. Da aka sake ba su aiki, waɗanda suka samu bayani kawai su ne suka ci gaba, sha'awarsu ga aikin kuma ba ta ragu ba. Masu maki ba su motsa ba. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne kashi na uku: su ma ba su motsa ba, kamar ba a rubuta musu komai ba. Dalilin kuwa duk malamin firamare ya san shi da idonsa. Da zarar littafi ya dawo, ido kan lamba yake faɗawa, daga nan sai littafin maƙwabci. Mai tara ya ga ba ya buƙatar karanta bayani, mai uku kuma zuciyarsa ta riga ta karaya.

Shekara goma bayan haka, a 1998, Paul Black da Dylan Wiliam na Kwalejin King's da ke Landan suka tattara bincike kusan 250 a kan awon tsakiyar karatu. Suka samu cewa inda aka yi shi da kyau ɗalibai na ci gaba ƙwarai, kuma waɗanda suka fi cin moriyarsa su ne na baya, waɗanda aka saba cire rai da su.

Amma ba kowace magana ce gyara ba. Avraham Kluger da Angelo DeNisi sun duba bincike 131 a 1996, na makarantu da na wuraren aiki, suka ga a fiye da kashi ɗaya cikin uku na gwaje-gwajen, maganar da aka mayar wa mutum ƙara lalata aikinsa ta yi. An fi ganin haka inda maganar ta bar aikin ta koma kan mutumin. “Daƙiƙi” da “ba ka da kai” suna cikin wannan sahu, kuma ba sai an yi dogon bayani ba. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne yabo ma yana iya shiga sahun. Claudia Mueller da Carol Dweck sun nuna a 1998 cewa yaran da aka yaba wa da cewa suna da ƙwaƙwalwa sun koma gudun aiki mai wuya don kada sunan ya zube, kuma da suka gamu da abin da ya gagare su sai suka yi saurin sarewa. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu kuwa sun fi jurewa. Saboda haka “kai gwani ne” ba ta kai “na ga yadda ka sake lissafin nan da kanka har ka gano inda ka kauce” ba, domin ta biyun tana nuna wa yaro abin da zai maimaita gobe.

Masu sauraro za su iya cewa duk waɗannan sunaye daga ƙetare suke. To a zagaya bayan gida, a leƙa makarantar allo.

Yaro ya zo gaban Malam da allonsa, ya durƙusa. Malam ya biya masa, ya maimaita. Ya koma gefe ya yi ta nanatawa, sannan ya dawo ya karanta. In ya ja inda ba a ja, ko ya canza wasali, nan take Malam zai tsayar da shi: “Koma.” Ya sake biya masa wurin, wurin kaɗai, har sai harshe ya miƙe. Ba a wanke allo sai karatu ya zauna. Mai babbaƙu ba ya tsallakawa farfaru don shekara ta zagayo, mai farfaru ba ya shiga zube don sa'anninsa sun shiga. Can gaba kuma, gardin da ya rubuta allonsa da ka yakan kai shi zaman darasu, alaramma ya bi shi layi-layi yana gyara ɗigo da wasali, mai allo na zaune yana kallo. A duk tsawon wannan tafiya babu wanda ya taɓa ce wa almajiri ya ci shida bisa goma. Kowane yaro ya san inda yake, ya san abin da ya rage masa kafin ya wanke, kuma gyara na zuwa masa ne tun kuskuren bai kwana ba. Yaran Bosso da yawa suna barin firamare da rana su zauna a gaban irin wannan malami da yamma, don haka tsarin ba baƙonsu ba ne.

Abin da bai kamata a ɗauko ba, daga allo ko daga boko, shi ne bulala a kan kuskuren karatu. Yaron da ya san amsar da ba daidai ba tana jawo masa dorina zai koyi ɓoye kuskurensa. Zai kwafi na maƙwabci, ko ya sunkuyar da kai, yana ganin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Malamin da ɗalibansa ke ɓoye masa kuskure kuwa ya rasa abin da zai gyara, tun da kuskuren shi ne kaɗai ke nuna masa abin da ke cikin kan yaro.

Nan ne malamai za su kawo kukansu, kuma kuka ne na gaskiya. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma ajin da ya ninka haka ba abin mamaki ba ne a makarantun gwamnati na cikin gari. Malama mai yara 80, in ta ba kowane littafi minti biyu kacal, ta ci awa biyu da minti arba'in a darasi ɗaya, ga sauran darussa, ga gida na jiranta. Duk wanda ya ce ta rubuta wa kowane yaro bayani kullum bai taɓa riƙe alli ba.

Amma gyara ba lallai sai a rubuce ba. Gidauniyar EEF ta Ingila, wadda ke tattara binciken ilimi, ta kiyasta cewa gyara mai kyau na iya ƙara wa ɗalibi ci gaban kimanin wata shida a shekara, ta kuma nuna cewa na baki bai gaza na rubutu ba. Akwai dabaru da ba sa cin ko kwabo.

Ta farko ita ce a daina dogaro da “Kun gane?” Wannan tambaya amsarta ɗaya ce a duk faɗin ƙasar nan: “E, Malam!” da murya ɗaya, har da wanda ke gyangyaɗi. Maimakonta, malami ya rubuta tambaya guda a allo da amsoshi uku, ɗaya daidai, biyu kuma irin kurakuran da ya san yara na yi, kamar 25 da 35 da 79 a lissafin nan na goriba. Ya ce kowa ya ɗaga yatsa ɗaya, ko biyu, ko uku, lokaci guda. Cikin daƙiƙa goma ya ga aji gaba ɗaya: su wa ke cire ƙarami daga babba, su wa suka haɗa maimakon su ɗebe. Inda akwai ƙananan alluna, ko da guntun katako ne da aka shafa wa baƙi, sai kowa ya rubuta amsarsa ya ɗaga.

Ta biyu ita ce haƙurin jira. Mary Budd Rowe, wata malamar kimiyya a Amurka, ta auna a farkon shekarun 1970 ta ga malamai kan jira kimanin daƙiƙa ɗaya tak bayan sun yi tambaya, sai su nuna wani ko su amsa da kansu. Da aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ba sa magana suka fara buɗe baki. A haɗa da wannan, a rubuta sunayen yara a 'yan takardu a zuba a gwangwani a riƙa zaro wanda zai amsa, domin 'yan bencin gaba biyar da ke ɗaga hannu kullum ba su ne aji ba.

Ta uku ta shafi tarin littattafan nan. Maimakon a bi kowanne da jan biro, malama ta duba su da sauri ta kasa su uku: waɗanda suka gane, masu kuskuren aro, da waɗanda ko jera lambobi bai zauna musu ba. Washegari minti goma na farko na gyara ne. Ta ɗauko kuskure ɗaya ta rubuta a allo ba tare da sunan mai shi ba, ta ce aji ya nemo inda aka kauce. 'Yan kashin farko su zauna da na biyu bibbiyu, ita kuma ta ja na uku gefe da tsinkenta. Sannan kowace rana ta zaɓi yara goma sha shida ta yi musu irin tsugunon nan na kusa. Zuwa Juma'a ta zagaye tamanin.

Sai batun harshe, wanda a Bosso ba ƙaramin batu ba ne. Ƙasar Gbagyi ce, ga Nupawa, ga Hausawa da Fulani, ga Yarabawa da Ibo da aiki ko kasuwa ta kawo. A aji ɗaya a Beji ko Garatu za a iya samun yaron da Turanci shi ne harshensa na uku. Shekaru da dama manufar ilimi ta tanadi a koyar da ƙananan azuzuwa da harshen da yaro ya tashi da shi, kuma muhawara a kan haka ba ta ƙare ba. Amma ko da wane harshe aka ba da darasi, gyara dai sai da harshen da yaro ke ji. Kalmar Turanci da aka rubuta wa ɗan aji biyu wanda bai fara haɗa baƙi ba, ba shi aka rubuta wa ba. In malama ba ta jin Gbagyi, akwai yaro a ajin da ke ji, kuma zai iya isar da saƙon.

An gwada irin wannan tunani a manyan shirye-shirye, ba a aji ɗaya kawai ba. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da tsarin koyar da yaro daga matakin da yake, wanda aka fi sani da TaRL. Ana zaunar da yaro shi kaɗai na 'yan mintuna a ga ko yana gane baƙaƙe, ko kalmomi, ko sakin layi, ko yana iya karanta labari. Sai a haɗa shi da 'yan matakinsa na wani lokaci a kowace rana, ba tare da duba ajinsa ba, a riƙa sake auna shi, da ya ƙware a matsar da shi gaba. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019 tare da Michael Kremer, suna cikin waɗanda suka gwada tsarin suka tabbatar da amfaninsa. A Najeriya an yi aiki da shi a Borno, an kuma yi a Kano ƙarƙashin shirin KaLMA a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, da Hausa. Awon da ake yi a can ba ya shiga katin sakamako. Aikinsa kawai ya faɗa wa malami abin da zai koyar gobe.

Iyaye su ma suna da hannu a wannan lamari. Tambayar da aka saba yi wa yaro ranar hutu ita ce: “Na nawa ka zo?” A aji mai yara tamanin, mutum ɗaya ne kawai zai amsa wannan tambaya da fara'a. Uwar da ba ta yi boko ba ma tana iya buɗe littafi a tsakiyar zango ta ce: “Nuna mini inda Malama ta ce ka gyara. Ka gyara?” Uban da ke biyan kuɗin darasin yamma yana da haƙƙin tambayar mai darasin, a taƙaice, mene ne abu ɗaya da yaron nan bai iya ba tukuna, kuma me ake yi a kai. A taron iyaye da malamai, da zaman kwamitin kula da makaranta, bayan an gama maganar rufin kwano da kujeru, ya dace a tambaya ko takardun gwaji na dawowa hannun yara, kuma bayan kwana nawa.

Babban nauyi dai yana kan masu tsara aikin malami. Jihar Neja na cikin jihohi 17 da suka shiga shirin BESDA na Bankin Duniya, mai dala miliyan 611, wanda aka amince da shi a 2017 don mayar da yara makaranta da inganta karatunsu. Shigo da yaro aji rabin aiki ne. Malami yakan yi abin da ya san za a duba ne. In mai duba makarantu ya zo abin da ya nema kawai rijistar maki ce da yawan shafukan da jan biro ya taɓa, to su zai tarar. In kuwa ya ɗauki littattafai biyar ya nemi wurin da yaro ya yi kuskure, da wurin da ya sake yin aikin daidai bayan an nuna masa, cikin zango ɗaya zai ga canji a azuzuwa. Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha da sashen ilimi na ƙaramar hukuma a Maikunkele suna da ikon sanya wannan cikin takardar duba makarantu. Kwalejin Ilimi da Jami'ar Fasaha suna da ikon cewa ɗalibin da ya je gwajin koyarwa ba zai samu makinsa ba sai ya kawo kurakurai uku da ya gano a ajinsa da abin da ya yi a kan kowanne. Kuma duk wannan yana buƙatar malamin da albashinsa ke zuwa kan kari, da ajin da za a iya ratsawa tsakanin benci da benci.

Hedimasta kuwa ba ya buƙatar jiran takarda daga ko'ina. Yana iya tara malamansa tun makon farko na zango ya ce darasin da ke bin kowane gwaji na gyara ne: takardu su dawo cikin kwana biyu, kowace da abu ɗaya da za a gyara, makin ya zauna a rijista tukuna, yara su sake aikin a cikin aji, sannan a buɗe sabon babi. Darasi biyu ko uku ke nan a zango ga kowane fanni, kuma jadawalin makarantun Bosso zai iya ɗaukar su.

Sharhin ke nan na yau.